Kafin A Tara Kuɗin Sauya Ƙugun Matashi Mai Amosanin Gaɓɓai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida tamu mu yi magana a kan wani abu da ke yawan fitowa a shafukan neman taimako da kafafen sada zumunta: hoton saurayi ko budurwa a keken guragu, a ƙasa an rubuta cewa likitoci sun ce sai an sauya ƙugu, ana neman miliyan kaza. Jama'a suna taimakawa, Allah ya saka musu da alheri. Abin da ba a gaya wa masu bayarwa, sau da yawa ma ba a gaya wa iyayen ba, shi ne abin da zai biyo bayan aikin. Mu da muka rubuto wannan wasiƙa ma'aikatan lafiya ne a ɓangaren ƙashi da gaɓɓai, kuma za mu tsaya a kan rukuni ɗaya na waɗannan matasa, wato waɗanda amosanin gaɓɓai ya kama tun suna yara har ya cinye musu ƙugu. Aikin yana da amfani ƙwarai, muna goyon bayansa. Sai dai wanda aka yi wa shi yana ɗan shekara 20 ya ɗauki alkawarin zuwa asibiti ne har ƙarshen rayuwarsa, kuma ya kamata a faɗa masa haka tun kafin ya sa hannu.

Ciwon da muke nufi shi ne wanda likitoci ke rubuta wa JIA a kati. Sharuɗɗansa biyu ne: ya fara kafin yaro ya cika shekara 16, kuma kumburin gaɓa ya kai mako 6 ba a gano wani dalili ba. Ba faɗuwa ke kawo shi ba, ba wanka da ruwan sanyi ba, ba kuma hannun mutane ba. Garkuwar jikin yaron ce ke juyowa ta far wa siririn tantanin da ke shimfiɗe a cikin gaɓa, sai tantanin ya yi kauri, ya tara ruwa, ya riƙa cin guringuntsi da ƙashi sannu a hankali. Wani likitan yara a Landan, George Still, ya bayyana nau'in da ke zuwa da zazzaɓi tun 1897. Alamar da uwa za ta fi saurin ganewa ita ce ta asuba. Yaro zai farka jikinsa a sandare, ya sauko daga gado yana dafa bango, ya kasa tsugunawa ya yi alwala, amma kafin hantsi ya ɗan warware har ya shiga cikin yara. Washegari a sake. Da yake da rana ana ganinsa yana tafiya, sai a ce lalaci ne ko ƙin makaranta.

Kafin a ɗora wa yaro wannan suna sai an kawar da cututtukan da suka fi shi yawa a wurinmu: sikila, wadda ke toshe hanyar jini ta kashe kan ƙashin cinya, da tarin fuka na ƙashi, da mugunya a cikin gaɓa, har da sankarar jini. Da dama daga cikin matasan da ake sauya wa ƙugu a Arewa masu sikila ne, kuma ko da hotonsu ya yi kama da na mai amosani, shirin aikinsu daban ne.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne shekarun da ake ɓatawa a tsakani. A ce sanyi ne, a yi tsaga, a yi ƙaho, a kai wa mai ɗori ya murɗe gaɓar da ba ta karye ba. Daga nan a faɗa kemis a haɗo prednisolone ko dexamethasone, masu danne kumburi, da diclofenac mai rage ciwo. Kwana biyu yaro ya miƙe kamar an zare masa ƙaya, iyaye kuma su riƙe wannan haɗi shekara da shekaru ba likitan da ya sani. Fuska ta cika ta yi zagaye, tsawo ya tsaya, ƙashi ya zama kamar icen da gara ta ci, kuma shi kansa prednisolone ko dexamethasone ɗin yana iya kashe kan ƙashin cinya kamar yadda sikila ke yi. Duk wannan zai dawo ya tsaya wa likitan tiyata a gaba ranar aiki.

Ga dalilin da ya sa ƙugun waɗannan matasa ya bambanta da na tsohuwa mai shekara 70 da gaɓarta ta lalace don tsufa. Ita tsohuwar ƙashinta ya gama girma lafiya kafin ya lalace. Shi kuwa wannan ciwo ya same shi ne yana cikin girma. Kumburi yana sa wurin tsirar ƙashi ya rufe da wuri, sai a sami ƙashin cinya gajere, siriri, ramin ɓargonsa matsattse. Wuyan ƙashin, wanda a babban mutum yake karkata gaba da kusan digiri 15, a nan yakan ninka haka ko fiye. Gurbin da kan ƙashin ke zama a ciki wani lokaci ba shi da zurfi, wani lokaci kuma kan ƙashin ya ci gindinsa har ya lotsa ciki. Tsokoki da jijiyoyin gaban cinya da na matsematsi sun ɗaure saboda shekarun zama, ƙafa ba ta miƙewa, cinyoyi ba sa buɗewa. A kwantar da irin wannan matashi rigingine, a naɗe lafiyayyar ƙafarsa zuwa ƙirji har bayansa ya manne da gado: za a ga ɗaya cinyar ta ɗago da kanta, ta ƙi kwanciya. Wannan ɗagowar ita ce ma'aunin ɗaurewar, kuma ita ke sa su tafiya a sunkuye da baya a lanƙwashe.

Ba munin hoto ke sa a yi aiki ba. Ana yin sa ne idan ciwo ya hana barci, ko matashi ya kasa zuwa makaranta ko wajen sana'a, ko ya kasa tsarki da sa wando da kansa, ko yana dab da komawa keke, alhali an ba magungunan da suka dace da kuma gashin ƙashi haƙƙinsu ba su wadatar ba. An fi so a jira ƙashi ya gama girma, wanda hoto ke nunawa. Amma jiran da ya wuce ƙima shi ma asara ne. Wanda ya shekara biyar a keke tsokarsa ta narke, gwiwoyinsa sun ƙage, sabon ƙugu ba zai mayar masa da abin da ya tafi duka ba.

Shi aikin, tsarinsa na zamani ya samo asali ne daga John Charnley a asibitin Wrightington da ke Ingila, a 1962, kuma tsofaffi aka fi nufa da shi. Ana yanke kan ƙashin cinya da ya lalace a cire. Kayan da ake sawa guda huɗu ne. Akwai ƙoƙon ƙarfe da ake dasawa a gurbi bayan an kankare shi. Akwai shimfiɗa ta roba mai tauri ko tangaran da ke zama cikin ƙoƙon. Akwai turke, yawanci na titaniyom, da ake cusawa cikin ramin ɓargo. Sai ƙwallo na ƙarfe ko tangaran da ke hawa kan turken yana juyawa cikin shimfiɗar.

A nan ne maganar awo ta shigo, kuma a ganinmu ita ce aka fi yin sakaci da ita. Ƙoƙon da ake sa wa babban mutum yakan kama daga milimita 48 zuwa 58. Mai amosanin yara yana iya buƙatar 40 ko 42 ko 44. Turken da ya fi ƙanƙanta a cikin akwatin kayan da aka saba kawowa yana iya fin ramin ɓargonsa girma. Don haka dole a ɗauki hoton ƙugu da ƙashin cinya gaba ɗaya da alamar awo a jiki, idan siffar ta karkace sosai a ƙara da hoton siti (CT), mai nuna ƙashi dalla-dalla, a auna komai tun makonni kafin aiki, a yi odar ƙananan kaya ko turke mai zagayen jiki wanda za a iya juya shi a gyara karkatar wuyan. Idan aka shiga ɗakin tiyata ba wannan shiri, ga abin da ke faruwa. Likita yana buga wani ƙarfe mai haƙora kamar magagari cikin ramin ɓargo, daga ƙarami zuwa babba, yana sauraron ƙarar guduma. Idan ƙarar ta canza, ƙarfen ya daina shiga, ya san ya kama. A lafiyayyen ƙashi akwai sarari tsakanin kamawa da tsagewa. A ƙashin da prednisolone ya cinye, bugu ɗaya ne tsakaninsu. Idan ya tsage aka gani nan take, a ɗaure shi da waya, a hana taka ƙafar da nauyi kamar mako 6, yawanci ya warke. Idan ba a gani ba, turken zai nutse a hankali, ƙafa ta gajarce, a dawo aiki na biyu kafin shekara ta zagayo. Inda gurbi ya lotsa kuwa, ana niƙa kan ƙashin da aka yanke a cike ramin da shi kafin a dasa ƙoƙo, don a mayar da gaɓar mazauninta.

Ƙaramin ƙoƙo yana tilasta ƙaramin ƙwallo, milimita 22 ko 28 maimakon 32 ko 36, ƙaramin ƙwallo kuma ya fi saurin gocewa daga gurbinsa. Haka nan ƙafar da ta daɗe a gajarce, idan aka ja ta da yawa lokaci ɗaya, musamman abin da ya kai santimita 4, babbar jijiyar da ta bi ta bayan cinya tana iya wahala, a tashi ƙafa tana lilo ba ta ɗaguwa daga idon sawu. Gara a bar ɗan bambancin tsawo a cike shi da dunduniyar takalmi.

Ana kama kayan da ƙashi ta hanya biyu: ko da simintin ƙashi, ko kuma a sa masu kaushin jiki waɗanda ƙashi ke tsirowa ya riƙe su cikin makonni. Rahotannin farko na masu amosanin yara, waɗanda aka yi da siminti, sun nuna ƙoƙon ne ya fi saurin kwancewa, shi ya sa yau aka fi karkata ga marar siminti a ɓangaren gurbi, a ƙara masa kusoshi idan ƙashin ba shi da ƙwari. Shi turke ya danganta da ƙashin da aka tarar. Game da shimfiɗa, robar da aka inganta taurinta tun ƙarshen shekarun 1990 ta rage cinyewa ƙwarai a kan ta da. Iyaye su tambaya kai tsaye ko ita za a sa, domin mai arhar tana nan a kasuwa. Ƙarfe a kan ƙarfe kuwa, wanda aka taɓa tallatawa don matasa, an guje shi, har an janye wani samfurinsa daga kasuwa a 2010 saboda ɓurɓushin ƙarfe da yake saki cikin nama da jini.

Haɗarin da ya fi kusa da rai ba a ƙugu yake ba, a wuya yake. Wannan ciwo yana manne ƙasusuwan wuya na sama, ko ya sassauta jijiyar da ke riƙe na farko da na biyu. Yana kuma hana muƙamuƙi girma, a ga haɓa ta shige ciki, baki ba ya buɗuwa ya ɗauki yatsu uku. Idan aka ɗage kan irin wannan mutum baya da ƙarfi don a zura bututun numfashi, ana iya danne lakarsa. Saboda haka wajibi ne a ɗauki hoton wuya ta gefe, yana sunkuye da kuma yana ɗage, kuma likitan sa barci ya gan shi kwanaki kafin aiki, ba da safiyar ranar ba. Allurar baya, wadda ke kashe daga cibiya zuwa ƙasa, ita aka fi so. Amma tana iya ƙin shiga, don haka a tabbata asibitin yana da bututu mai kyamara da wanda ya iya aiki da shi.

Sai magungunan da yake sha. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin amosani ta Amurka ta fitar tare da likitocin sauya gaɓa a 2017, ta sabunta a 2022, ta ce a ci gaba da magungunan amosani irin su methotrexate da sulfasalazine da hydroxychloroquine har ranar aiki, domin tsayar da su yana tayar da ciwon a lokacin da ake son mutum ya tashi ya yi tafiya. Alluran zamani masu danne garkuwa su ake dagatarwa: a sa ranar aiki bayan wa'adin allurar ƙarshe ya ƙare. Mai yin etanercept duk mako, a yi masa a mako na 2. Mai yin adalimumab duk mako biyu, a mako na 3. A dawo da su bayan rauni ya haɗe, an cire ɗinki, ba ruwa ba ja, kamar kwana 14. Prednisolone kuwa kada a kuskura a yanke shi lokaci ɗaya. Jikin da ya shekara yana samunsa daga waje ya rage yin nasa, kuma a tsakiyar aiki jini yana iya faɗuwa ya ƙi tashi. Ana kare wannan da allurar hydrocortisone, amma sai likita ya sani. Muna roƙon iyaye, don Allah, ku kwaso duk kwalaye da ƙullin da ke gida, har da na kemis da na gargajiya, ku zube su gaban likita. Ba wanda zai yi muku faɗa, ɓoyewar ce ke kisa.

Ƙwayar cuta idan ta zauna a jikin ƙarfe tana yin wata yauƙi da magani ba ya ratsawa, sau da yawa sai an cire kayan duka, an sa na wucin gadi mai ɗauke da magani, an jira makonni, sannan a sake. Shi ya sa ake duba haƙora, da fitsari, da fata, da farce kafin aiki. Ruɓaɓɓen haƙori ɗaya ko gyambo a ƙafa ya isa a ɗaga ranar. A gyara ƙarancin jini tun da wuri. Ranar aiki ana ba da allurar kashe ƙwayoyin cuta, yawanci cefazolin, cikin minti 60 kafin a tsaga fata, da tranexamic acid don rage zubar jini, bayan aiki kuma maganin hana daskarewar jini na mako 4 zuwa 5.

Idan ƙugu da gwiwa duka sun lalace, ƙugu ake fara yi, domin ba a iya gasa sabuwar gwiwa a ƙarƙashin ƙugun da ba ya motsi. Idan ƙugu biyu ne, kada a bar tazara mai tsawo a tsakani, don wanda ba a yi ba zai sake jawo sabon ya lanƙwashe. A kuma duba hannuwa. Wanda wuyan hannunsa da yatsunsa suka lalace ba zai riƙe sandar dogarawa ta kowa da kowa ba, sai mai faifan da ake ɗora damtse a kai, kuma a nemo ta kafin aiki.

To, me ake samu? Abin da aikin ya fi iyawa shi ne kawar da ciwo. Mafi yawansu ciwon gaɓar nan mai hana barci yana tafiya tun makonnin farko, kuma da yawa waɗanda suke dab da keke suna komawa tafiya, su koma karatu, su yi aure. Motsi yana ƙaruwa, amma ba ya kai na wanda bai taɓa ciwo ba. Nisan tafiyar da mutum zai iya kuma ya danganta da gwiwa, da idon sawu, da baya, da kuma ko an shawo kan ciwon da magani. Sabon ƙugu bai taɓa cutar ba ko kaɗan, tana nan a sauran gaɓɓai. Wanda ya ajiye maganinsa don an yi masa aiki zai dawo da ciwon gwiwa.

Tsawon ran kayan shi ne inda muke so a yi gaskiya. Masu bincike a Jami'ar Bristol sun tattara bayanan rajistar masu sabon ƙugu, suka buga a mujallar Lancet a 2019: cikin kowane sabon ƙugu 100, kusan 89 suna nan ba a sake su ba bayan shekara 15, 70 bayan shekara 20, 58 bayan shekara 25. Yawancin masu waɗannan ƙugun tsofaffi ne. A rahotannin da suka bi masu amosanin yara, kimanin 8 zuwa 9 cikin 10 ne ke kai shekara 10 ba a sake taɓa su ba, daga nan adadin ya riƙa sauka, kuma waɗanda aka yi wa da ƙarancin shekaru sun fi saurin komawa. Muna sa ran sabuwar roba da tangaran za su ɗaga waɗannan alƙaluma. Duk da haka a yi lissafi: budurwar da aka yi wa tana da 20, ko kayanta sun kai shekara 25, tana da 45 ne kawai ranar da za su gaji. Aiki na biyu ya fi na farko tsada, ya fi daɗewa, ya fi zubar da jini, kuma kowane zagaye yana tafiya da wani ɓangare na ƙashin da tun asali ba shi da yawa.

Yadda kayan ke kwancewa ya kamata kowa ya fahimta, domin a ɓoye yake faruwa. Kowane taku yana goge ɗan ɓurɓushin roba da ido ba ya gani. Ƙwayoyin garkuwar jiki suna haɗiye shi, su kasa narkarwa, sai su saki sinadaran da ke sa ƙashin da ke kewaye ya narke. Shekaru ana wannan ba ciwo. A hoto ne kawai za a ga ƙwallon ya bar tsakiyar ƙoƙo ya matsa sama, ko wani baƙin layi ya bayyana tsakanin ƙarfe da ƙashi. Idan layin ya wuce milimita 2 kuma yana faɗaɗa daga hoto zuwa hoto, kayan sun fara saki. Wanda aka gano da wuri wani lokaci shimfiɗa da ƙwallo kawai za a canza. Wanda ya jira sai ya ji ciwo a matsematsi ko a cinya, an riga an rasa ƙashi. Don haka a ga likita a mako na 6, da wata na 3, da shekara 1, sannan lokaci-lokaci har abada ko da ba abin da ke damunsa, kuma a adana tsofaffin hotuna, don da su ake kwatanta sabo.

Rayuwar gida ita ma sai an shirya ta, domin ƙa'idojin da ake bayarwa an tsara su ne ga masu kujera da gado mai tsawo. A mako 6 zuwa 12 na farko, musamman idan ta baya aka shiga, ba a so gwiwa ta fi ƙugu tsawo a zaune, ba a harɗe ƙafafu, ba a murɗa ƙafar ciki. Masai na tsugunno ya karya dokar nan duka. Kafin a sallamo mara lafiya a sa kafinta ya yi kujera mai rami, tsayinta ya ɗan wuce gwiwarsa, a ɗora a kan masai. Katifar ƙasa a ɗaga ta kan gado. Zaman tabarma, da kujera 'yar tsugunno wajen girki ko alwala, da sunkuyawa shara ko wanki, duk a ɗaga musu ƙafa. Salla a yi ta a kan kujera, addini ya ba da wannan sauƙi ga wanda ba zai iya ba, kuma likitan da ya yi aikin ne zai faɗi lokacin da za a koma sujada da zaman tahiya, wasu ma har abada kujerar ta fi musu. Hawa babur, da ɗage ƙafa a tsallake sirdi, a bar shi. Da dare a sa matashin kai tsakanin cinyoyi. Gashi kuwa ana fara shi washegarin aiki, da tsayuwa da 'yan taku, da kwanciya rub da ciki idan an yarda don miƙe gaban cinya. Waɗannan matasa sukan buƙaci watanni fiye da sauran mutane, kuma kuɗin mai gashi da na mota zuwa wurinsa ba a cika sa su cikin lissafin da ake bugawa ba.

Rauni mai zubar ruwa bayan mako guda, zazzaɓi, kumburin sha-raɓa, numfashi sama-sama, ko ƙafa ta gajarce farat ɗaya ta juya da ciwo mai tsanani: asibiti a ranar, ba kemis ba, ba mai ɗori ba.

Iyayen 'yan mata sukan yi shiru da tambayar da ta fi damunsu. Sabon ƙugu ba ya hana aure, ba ya hana ciki, kuma shi kaɗai ba ya tilasta haihuwa ta tiyata, ko da yake wadda ƙashin ƙugunta bai girma ba tana iya buƙatar ta. Abin tsoro shi ne methotrexate, wanda ke lahanta ɗan tayi. Sai an dakatar da shi, yawanci wata 3 kafin ɗaukar ciki, an musanya shi da wani bisa shawarar likita.

Mafi yawan wannan wahala ana iya kauce mata. A Amurka, tsakanin 1991 da 2005, sauya gaɓa ga masu amosanin yara ya ragu da kusan rabi, shekarun da aka yawaita methotrexate, aka kuma amince da etanercept ga yara a 1999. Methotrexate ba shi da tsada idan aka kwatanta da tiyata. Sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba, kuma shan sa kullum bisa kuskure yana kisa. Ana haɗa shi da folic acid, ana gwada jini da hanta lokaci-lokaci, ana duba ciwon hanta nau'in B kafin a fara, da tarin fuka kafin alluran zamani. A kuma kai yaron wajen likitan ido, wasu duk wata 3, domin ciwon yana kumbura cikin ido ba ja ba zafi har gani ya tafi. Likitocin amosanin yara 'yan ƙalilan ne a duk faɗin Najeriya, don haka likitocin yara na asibitocin koyarwa su ne ƙofar farko ga duk yaron da gaɓarsa ta kumbura fiye da mako 6.

Ana yin sauya ƙugu a gida, a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, da na Igbobi a Legas, da na Inugu, da wasu asibitocin koyarwa. Wasu kuma suna tafiya Indiya ko Masar. Ko ina aka zaɓa, a tambayi likitan ko ya saba da ƙananan ƙasusuwa irin waɗannan, da wanda zai ci gaba da duba mara lafiya bayan an dawo. Roƙonmu gare ka, Malam Edita, shi ne duk lokacin da za a buga neman taimako irin wannan, wakilinku ya tambayi sunan ciwon, da ko kuɗin da aka ambata ya haɗa da gashi da magani da hotunan shekarun gaba. Su kuma iyalai kada su bar asibiti sai da takardar bayanin aikin, da hotunan kafin da bayan aiki, da 'yan takardun manne da ke zuwa a kwalin kowane ɗaya daga kayan nan huɗu, masu ɗauke da sunan kamfani da awo da lamba. Likitan da zai buɗe wannan ƙugu bayan shekara 15 da su zai san irin shimfiɗa da ƙwallon da zai yi oda. Idan babu su, yana iya tilasta cire ƙoƙo ko turken da ke zaune lafiya, tare da ƙashin da ya manne da su.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya a fannin ƙashi da gaɓɓai, Kano.